Hancin Motar Alhaji Altine

Ku yaran yanzu kun ce aikin tobo ba shi da wuya. Mota ta ƙi gudu, a kwance tobo a jefar, a ɗaura wani, a wanke hannu. Na ji. Ni ban yi boko ba, kuma ba ni da yawan magana, amma hannuna ya daɗe cikin baƙin mai har sabulu ya haƙura da shi. Sunana Bawa, garejina na bakin hanya a Goronyo, ƙarƙashin wani dogonyaro. Zan gaya muku abin da na gani, wanda ya so ya ɗauka.

Ga wanda bai taɓa leƙa cikin bonet ba, tobo fanka biyu ne a kan sanda ɗaya, cikin wani ƙarfe mai kama da katantanwa. Hayaƙin da inji ke fitarwa shi ke juya fankar baya, ta gaba kuwa ta zuƙo iska ta matse ta, ta cusa wa inji. Zugazugin maƙeri ne, ba wani abin mamaki ba. In iska ta isa, wuta ta yi ƙarfi, ka taka totur mota ta miƙe. In ba ta isa ba, ko da ƙafa biyu ka tsaya kan totur, jakin Giyawa mai ɗauke da kara zai wuce ka, mai shi shina yi maka sannu.

Wata tifa ce ta fara koya mini. Lokacin ina koyon aiki wurin Baba Ɗan'ige, wani tsohon bakanike mai ido ɗaya da ke gyaran manyan motocin ɗiban yashi. Tifar ta zo tana tuƙa baƙin hayaƙi, direba ya ce ko ɗan tudun hanyar Wurno ba ta hawa sai da giya ta ɗaya. Na ɗauko sufana na nufi tobo. Baba ya sa filaya ya ƙwanƙwasa mini bayan hannu.

"Ina za ka?"

"Tobo, Baba."

"Shi ya ce maka ba ya lahiya?"

"A'a."

"To wa ya aike ka? Aje sufana. Bi iska."

Abin da shike nufi, ka fara daga inda iska ke shiga, ka bi ta kamar mai bin sawun akuyar da ta ɓace. Ka duba filta, ka duba tiyon da ke kai ta ga tobo, da wanda ke fitowa da ita, da ƙaramin lagireton da ke sanyaya ta, har bakin inji. Sannan ka koma ka bi hayaƙi har ƙarshen salansa. Ba ka tsallake wuri don ka ga ya yi tsabta. Ya miƙo mini gwangwanin ruwan sabulu ya ce in shafa wa kowane tiyo, direba na ba da wuta. A ƙasan wani tiyo, inda ido ba ya kaiwa, kumfa ya tashi kamar bakin raƙumi. Tsaga ce da ba ta kai tsawon yatsa ba. Munka canza tiyo, tifa ta hau tudu tana waƙa. Tobon da na so kwancewa, har Baba ya rasu shina aiki.

Kayan aikina ba su cika akwati ba. Gwangwanin sabulu, dogon sukudireba da nike ɗora ƙarshenshi kan ƙarfe in kanga kunne a ƙotarshi, wata waya mai lanƙwasa a kai, da ɗan yatsana da nike girgiza fanka da shi in ji ko ta saki. Na'urar nan da kuke liƙawa ƙarƙashin sitiyari ban raina ta ba, ni ma nakan aika a kira mai ita. Amma abin da za ta gaya maka shi ne iska ta yi kaɗan. Direba ya riga ya gaya maka haka tun bai rufe ƙofa ba. Ina iskar ta tafi, wannan aikinka ne.

Wani mai shinkafa daga Rabah ya kawo mota ya ce tobo ya mutu, har ya yi magana da mai kaya a Sakkwato. Tobo na da wata 'yar ƙofa a baya da ke sakin hayaƙi in ya yi yawa, kuma wani siririn tiyo ke janta ta rufe. In ta zauna a buɗe, fanka ba ta samun abin da zai juya ta. Na bi tiyon na tarar ɓera ya cinye rabinshi, don motar kusa da ɗakin shinkafa take kwana. Na ce mishi, "Ba tobo za ka saya ba, mussa za ka saya ta kama maka ɓeraye." Ya yi fushi, ya ce shi ba wasa ya zo ba. Na ji labari yanzu mussa biyu gare shi. Wata kuma taɓon fadama ne ya bushe cikin salansarta, wata an ɗura mata gas mai haɗe da kananzir. Mai mota kuwa, rabin maganarshi zubarwa ake yi. Ka tambaye shi yaushe ya canza filta, ya ce kwanan nan, ka buɗe ka tarar da ciyawar daminar bara.

Sai shekarar da hanyar Shinaka ta lalace. Ba kwalta nike nufi ba. Mutanen daji sunka fara tare hanya kan babura, su ɗauki mutum su shige da shi. Motoci sunka rage fita, gareji ya yi shiru har kazar maƙwabta ta fara ƙwai cikin tsohuwar taya. A shekarar ne mutane sunka gane ƙarfin mota ba ado ba ne. Kuma a shekarar wata kalma ta shigo gari da ta fi bindiga sauri, wato infoma, mai kai wa mutanen daji labarin wanda zai wuce da abin da ya ɗauko. In anka liƙa maka ita, 'yan sa-kai masu gadin gari ba su tsayawa dogon bincike.

Akori-kurar Alhaji Altine na cikin motocin da ba su daina fita ba. Alhaji mutumin Wurno ne, tafarnuwa da albasa shike saye a ƙauyuka. Motar mai gas ce, mai tobo, kuma an ɗaura mata dogon bututu a gefen gilashi da ya miƙe har rufi, don ta sha iska daga sama in ta shiga ruwan fadama. Mu kanikawa da direbobi hanci muke ce wa bututun. Ragar bakinshi ta daɗe da karyewa, reshen ice ya ɗauke ta. Direban motar Ladan ne, ɗan masunta daga bakin gulbin Rima, mutum marar hayaniya mai tuƙi kamar wanda ya ɗauko ƙwaryar nono.

Wata safiya suna dawowa da kaya cike, Alhaji na gaba, sai babura sunka ɓullo daga daji can gefe. Alhaji ya ce taka. Ladan ya danne totur har ƙasa. Mota ta yi tari, ta saki baƙin hayaƙi, ta koma tafiyar hawainiya. Allah Ya sa mutanen shanun da sunka sato suke kora, ba su juyo ba. Amma ɗaya daga cikinsu, da ya ga mota na rarrafe tana hayaƙi, sai ya ɗaga musu hannu. Wataƙila dariya shike musu. Alhaji dai ya ce gaisuwa ce, kuma ba shi aka gaisar ba.

Da sunka isa Wurno, Alhaji ya kira Ladan infoma a gaban jama'a, ya karɓe makulli ya ba ƙanenshi. Ƙanen ya zaga gari da ita babu kaya, ya dawo ya ce lafiyarta lau. Washegari sai ga su a garejina, Alhaji da Ladan da wani shugaban 'yan sa-kai da ake kira Dogo, bindiga rataye a kafaɗa. Ladan ya rame a kwana ɗaya.

Alhaji ya ce, "Bawa, ga mota. In kac ce tana da ciwo, shi ke nan. In kac ce lahiyarta lau, to ƙafar yaron ga ke da ciwo, kuma Dogo ya san maganinta."

Na dubi Ladan na ce, "Mi ta yi maka?"

Ya ce, "Kawu, wallahi na taka. Kamar an kama ta a wuya."

Na ce su bar mini ita. Alhaji ya ce a gabanshi zan duba. Na ce, "Alhaji, ko ungozoma in tana aiki mai gida waje shike tsayawa. Ku dawo bayan la'asar." Sunka tafi, Dogo riƙe da hannun Ladan kamar abokinshi.

Na tada mota, ta tashi lafiya. Na ba ta wuta a tsaye, ta amsa. Na bi iska yadda Baba ya koya mini. Filta da sauranta, ba ta toshe ba. Na shafe tiyo duka da sabulu, ko kumfa ɗaya. 'Yar ƙofar bayan tobo na buɗewa tana rufewa. Na sa yatsa na girgiza fanka, ba ta saki ba, sai dai akwai ɗan baƙin mai a bakinta. Nan ne ɗayanku zai tafa hannu ya ce ga ciwo, a kwance tobo. Ni na bar shi, don tobo mai lafiya ma yakan tsotso mai in aka hana shi iska. Salansa na numfashi. Filtar gas tsaf. Na zaga da ita har bakin madatsar ruwa na dawo, ba ta ko yi atishawa ba. Rana ta raba, ga mota lafiya lau, ga mutum can zaune kusa da bindiga.

Na zauna kan taya na sake jera maganar. Kaya cike, totur har ƙasa. Ni kuwa wofi na gwada ta, da ƙafar tsoho. Na je wurin mai buga bulo na ce a loda mini yashi a buhuna har bayanta ya zauna. Na cire bonet gaba ɗaya na jingine. Na kira maƙwabcina Isa mai faci, wanda ya yi direba kafin ya koma faci, na ce ya hau.

"Kai fa?"

"Ni nan zan zauna."

Na hau gefen motar na zauna a kan ƙarfen da ke saman taya, ƙafafuna na lilo, na rungume hanci da hannu ɗaya, idona kan inji. Isa ya ce, "Bawa, da girmanka. In ka faɗo mi zan gaya wa iyalinka?" Na ce ya gaya musu wurin aiki na mutu, ya ja mu tafi. Haka munka ratsa gari, masu shayi na miƙewa tsaye suna kallo.

A gindin tudu na ɗaga mishi hannu. Ya danne totur. Tobo ya fara shewa, mota ta yunƙura, sai na ji wani abu ya yi ƙwap a cikin bututun da na rungume, a ƙarƙashin hammatata. Nan take babban tiyon da ke kai iska ga tobo ya lotse kamar kumatun tsohuwa marar haƙori. Hayaƙi ya turnuƙe, mota ta zauna. Isa ya saki totur, tiyo ya koma yadda shike. Tiyo ba ya lotsewa don ganin dama. Tobo ne ke zuƙa da ƙarfinshi, wani abu ya rufe mishi hanya daga gaba. Filta lafiya, to saura hanci. Na tsallake shi da safe don na ɗauka bututu ne kawai.

Da munka koma gareji na hau benci na zura hannu a bakin hanci. Yatsana ya taɓa zare, an ɗaure shi daga ciki a guntun ragar da ta karye. Na jawo a hankali. Laya ce sabuwa, jar fata, faɗinta ya kai tafin hannun yaro, ɗaure da zaren da masunta ke ɗinke koma da shi. Na riƙe ta ina kallo. Ita kaɗai ba ta isa ta rufe bututu haka ba. Na sauka na kwance gwiwar bututun ta ƙasa, inda shike lanƙwasa ya shiga gidan filta, na zura wayata. Sai ga wata laya, tsohuwa, ta yi baƙi, ɗaure da koren zare. Kowa a ƙasar nan ya san koren zaren. Da shi Alhaji Altine ke ɗinke bakin buhunan tafarnuwarshi don kada su ɓace cikin na mutane.

Ga yadda abin shike. Tsohuwar ta daɗe kwance a gwiwa, iska na wucewa ta gefenta. Sabuwar na lilo a samanta. In ana tafiya a hankali, kowace na wurinta. In anka danne totur da kaya, iska ta fizgo sabuwar ta haɗa da tsohuwar, su rufe hanya kamar kyauren ɗaki.

Na gano ciwo, amma ban gama aiki ba. In na aje layu biyun kan tebur, Alhaji zai ɗauke tashi ya sa aljihu kafin kowa ya gani, ya nuna zaren koma ya ce daga gidan su Ladan aka shirya mishi. Mai arziki in ya ji kunya, wanda zai sauke ta a kanshi shike nema. Sai na maida tsohuwar gwiwa na ɗaure, na maida sabuwar inda take.

Isa ya ce, "Mi kake yi haka? Ka hidda ciwo kana maida shi?"

Na ce, "Magani nike haɗawa. Kai dai ka riƙe bakinka."

Bayan la'asar sunka dawo, kuma labari ya riga ya zaga, gareji ya cika da masu lodi da masu babur. A gefe kan tsohuwar taya wata 'yar tsohuwa na zaune, tana ƙamshin kifin banda. Inna Kulu ce, uwar Ladan, ta biyo motar haya daga bakin gulbi. Ba ta gaida kowa ba, ɗanta kawai take kallo.

Na ce, "Dogo, ka iya tuƙi?"

"Na iya."

"Aje bindiga ka hau. In ka kai tudu ka taka kamar ana binka."

Ya tafi, muna hango baƙin hayaƙi daga inda muke. Ya dawo shina goge ido ya ce, "Ta ƙi. Ni ma ta ƙi ni."

Na ce, "To kai ma infoma ne."

Mutane sunka yi dariya, Dogo ma ya ɗan murmusa. Alhaji bai yi ba. Ya ce, "To an yi mata wani abu ke nan. Mi ke damunta?"

"Mura ce, Alhaji. Hancinta ya toshe."

Na jawo benci na nufi bututun, ina satar kallonshi. Sai ya fara gyara hula. Ya yi gyaran murya ya ce, "Bawa, wanga ai bututu ne kawai, mi za ka samu ciki? Ka duba inji mana." Na ce ai dubawa ba ta ɓata komi. Na zura hannu, na ɗan daɗe ina lalube don ya ji daɗi, sannan na jawo zare. Jar laya ta fito tana lilo.

Alhaji ya matso ya dube ta da kyau. Da ya ga ba tashi ba ce, murya ta dawo mishi har da ƙari. Ya ce, "Kun gani? Zaren koma ne. Wa ke da koma a gidana? Daga gidansu aka sa abu don mota ta tsaya a kama ni." Dogo ya ɗauki bindigarshi daga inda ya jingine. Ladan ya dubi zaren, ya dubi uwarshi, ya sunkuyar da kai.

Inna Kulu ta miƙe. Ta ce, "Ni na sa. Yaron ga bai sani ba. Tun da hanya ta ɓaci ba ni barci, na tahi wurin malam ya ba ni, ya ce a ɗaura a hancinta. Na tambayi Ladan ina hancin mota, ya nuna mini, ya ɗauka hira nike. Da ya shiga wanka na jawo turmi na taka na ɗaura. Alhaji, ɗana ke cikin motar ga. In an tare ka, shi za a bari?"

Ni kuwa na sauko daga benci, na ɗauki tsumma ina goge hannu kamar wanda ya gama. Alhaji ya ga haka, ya ƙara buɗe kafaɗa. Ya ce, "Wanga zancen banza ne. Wane mai hankali ke cusa laya inda mota ke shan iska? Duk wanda ya yi haka, da sani ko ba sani, da hannunshi a ciki."

Na ce, "Alhaji, maimaita, Dogo bai ji ba."

"Na ce duk wanda ya sa laya cikin bututun ga, a tambaye shi."

"Duk wanda ya sa?"

"Duk wanda ya sa."

Na aje tsumma na ce, "To bari in ƙarasa. Hanci ai ba ƙofa ɗaya gare shi ba." Na durƙusa na kwance gwiwa, na zura waya, na fito da tsohuwar na ɗaga ta sama inda kowa zai gani. Koren zare na reto.

Dogo ya karɓa shina juya ta a hannu. Ya ce, "Zaren ga kamar na taɓa ganinshi." Isa mai faci, da na ce ya riƙe bakinshi, ya ce, "Duk wanda ya taɓa ɗaukar buhu a Wurno ya san shi." Alhaji kuwa hular da ya gyara ɗazu ya sake gyarawa.

Ban bar shi ya daɗe a rana ba, don ba abin da na zo yi ke nan ba. Na ce, "Ta ƙasa ta daɗe a nan ba ta hana komi ba. Ta sama ita kaɗai ba za ta hana ba. Sai da sunka haɗu. Kowa alheri ya nufa, mota ce ba ta san alheri ba, iska ta sani."

Alhaji ya dubi tsohuwar, ya rage murya ya ce, "Inna, wane malami ya ba ki?"

"Na garin Lahodu."

Alhaji ya ce, "Ni ma shi ya ba ni, tun da na sayi motar."

"Ya ce a hancinta?"

"A hancinta ya ce."

"Kai ma turmi ka taka?"

Nan fa gareji ya ɓarke. Masu lodi har da riƙe ciki. Dogo ya rataya bindiga ya ce, "Alhaji, kai kac ce duk wanda ya sa. Da wa zan fara, da kai ko da Inna?" Alhaji ya laluba aljihu ya fito da makulli ya miƙa wa Ladan, ya juya zai tafi. Na tare gabanshi.

Na ce, "Alhaji, a gaban jama'a ka faɗi waccan kalma. A gaban jama'a za ka ɗebe ta."

Ya dube ni kamar zai haɗiye ni. Amma ɗan mutunci ne. Ya juya ya ɗaga murya ya ce, "Ladan ba infoma ba ne. Ni na faɗa, na janye, ku zama shaida. Ladan, ka yi haƙuri." Ladan ya je ya durƙusa gaban uwarshi. Ita kuwa ta ce mishi ya tashi ya je ya ci abinci, ya rame kamar busasshen kifi.

Na ɗaure gwiwa, na sa wa hanci sabuwar raga da kilif, na maida bonet. Munka hau tudu da yashin nan duka, Ladan na tuƙi, Alhaji na gefe. Da ya danne totur sai da hular Alhaji ta taɓa kujera.

Daga baya Isa ya haɗu da malamin a wurin wani suna, ya ba shi labari. Malam ya riƙe baki ya ce shi gaban mota shike nufi, inda lamba take, wa ya ce su jefa mata a rami. An ce yanzu in ya ba mai mota, goshi shike cewa, kuma sai ya fito ya nuna da sanda. Layun biyu ni na ɗaure su da waya a bayan lamba, jar da baƙar, kusa da juna.

Kafin shekarar ta ƙare babura sunka sake ɓullo musu a kan hanyar nan, wannan karon kuwa su aka nufa. Ladan ya taka. Ya ce da ya dubi madubi sai ya ga kamar a tsaye suke. Inna Kulu ta ce layarta ce ta yi aiki. Alhaji ya ce tashi ce, don ita ce babba. Har yau in ya je sayen kifi suna wannan gardama, kuma babu wanda ya taɓa ambaton sunana a ciki. Bai dame ni ba, ni dai na san wa ya hau bakin taya da furfura.

To ku da kunka ce ba wuya. In mota ta zo ta ƙi gudu, ku aje sufana, ku bi iska tun daga inda take shiga, ba daga inda kunka ga dama ba. Ku gwada ta da kaya, ba wofi ba. Kuma kafin ku taɓa tobo, ku tambayi direba ko uwarshi na da rai, kuma ko akwai turmi a gidansu.